Ƙafar «sport» ko ta asali: abin da mai sayen mota a Dakoro zai duba kafin ya sa hannu

A ƙarshen daminar da ta wuce wani yayana, ɗan kasuwar hatsi da wake a Dakoro, ya turo mini hoton wata takarda ta WhatsApp. Takardar odar sabuwar mota ce, da Faransanci, dillalinsa ya aiko masa ya cike. Ya zagaye layi biyu da jan biro: ɗaya an rubuta «châssis standard», ɗaya «châssis sport». Bayan hoton sai ga muryarsa: "Mushe, kai da ka yi lakkol, duba mini wannan. Ta biyun ta fi tsada. Ita ce mai ƙarfin ke nan ko?"

Na ce masa, "Yaya, a'a. Tsadarta gaskiya ce, amma ƙarfin da kake nufi ba shi suke sayarwa ba." Ya ce to in yi masa bayani yadda zai gane. Bayanin ne na ga ya dace in faɗaɗa shi a nan, don tambayar ba tasa ba ce shi kaɗai. Masu yin odar sabuwar mota ba su da yawa a garuruwanmu, na sani: manyan ƴan kasuwa ne, da ma'aikatun gwamnati, da magadan gari idan za su sayi motar ɗaukar marasa lafiya, da ƙungiyoyin agaji. Mafi yawanmu okaziyo muke saya, waɗanda a da suke shigowa ta tashar Kwatano, tun bayan rufe iyaka da Benin a 2023 kuma akasari suke zagayowa ta Lome. To amma ko a okaziyon zaɓin yana nan, sai dai wani Bature ko Ba'amurke ne ya riga ya yi shi shekaru goma da suka wuce, kai kuma ka gaji abin da ya zaɓa ba tare da ka sani ba.

Abin da Faransanci ke kira suspension, makanikai a garaji ƙafa suke ce masa. Idan suka ce "aikin ƙafa ne," suna nufin duk ƙarafan da ke tsakanin taya da jikin mota. Manyansu biyu ne. Na farko shi ne resor, wanda ƴan Najeriya ke kira sifirin: ko dai naɗaɗɗen ƙarfe mai kama da gammo, ko kuma lam, wato faifayen ƙarfe masu tsawo da ake jerawa ɗaya kan ɗaya a bayan bashe da manyan motoci. Resor ne ke ɗauke da nauyi, shi ne ke lotsawa idan taya ta hau dutse, ya miƙe idan ta faɗa rami. Na biyu shi ne amortisar, shokozoba a bakin ƴan Kano da Katsina. Shi ba ya ɗaukar kaya ko kaɗan. Bututu ne cike da mai, da sanda a ciki mai tura man ta ƴan ƙananan ƙofofi. Aikinsa ya hana resor ci gaba da lilo bayan an wuce ramin. Mota mai resor babu amortisar mai kyau tafiya take kamar raƙumi, kuma tayoyinta suna ɗagewa daga ƙasa lokaci-lokaci, wanda ke nufin a wannan ɗan lokacin birki da sitiyari ba su da abin kamawa.

Akwai na uku da ba a cika maganarsa ba, wata sandar ƙarfe mai lanƙwasa da ke haɗa tayar dama da ta hagu, «barre stabilisatrice». Ita ke hana mota kwantawa gefe guda a kwana.

Yanzu me ake canzawa idan an ce «sport»? Ana sa resor gajere mai tauri, amortisar mai tauri, sandar nan ta ƙara kauri, sannan motar ta sauka ƙasa da milimita 10 zuwa 20, gwargwadon kamfani. Kusan kullum kuma ana haɗa ta da manyan janti da taya mai siririn gefe. Manufar ɗaya ce: mota ta manne da kwalta idan ana gudu, kada ta kwanta a kwana, ta amsa sitiyari nan take. An tsara ta ne don hanyoyin Jamus da Faransa, inda direba zai yi kilomita ɗari uku bai ga rami ɗaya ba. A can tana yin abin da aka ce tana yi, ba ƙarya ba ce. Tauri kuwa daban, ƙarko daban. A nan yayana ya ruɗe, kuma ba laifinsa ba ne, don a Hausa idan aka ce abu mai tauri ne zuciya tana tafiya ga abin da ba ya lalacewa. A ƙafar mota tauri yana nufin ta ƙi lotsawa, kuma duk bugun da resor ya ƙi shanyewa sai ya wuce wani wuri: ga janti, ga rotil, ga robobin silanbulok, ga jikin motar, ga bayan wanda ke zaune.

Daga Dakoro zuwa ina?

Tambayar da ta fi sunan ƙafar muhimmanci ita ce inda motar za ta riƙa bi. Wanda aikinsa Dakoro zuwa Maradi ne kawai, kimanin kilomita 120 ta Kornaka da Tibiri, daga nan ya kama babbar hanya lamba 1 zuwa Ƙonni da Yamai ko zuwa Damagaram, yana kan kwalta. Amma ɗan Dakoro nawa ne motarsa ba ta sauka daga kwalta? Kasuwannin ƙauye suna daji. Dangi suna daji. Wanda zai je Sakabal, ko Bermo, ko wajen Gadabeji, ko ya ratsa kwarin Tarka, ko ya nufi Belbeji, ya san burji da rairayi ne a gabansa. Ko cikin gari ma, da ka bar babban titi ka shiga unguwa, rairayi ne har ƙofar gida.

A irin waɗannan hanyoyi abu na farko da ke kayar da ƙaramar mota shi ne tsayinta daga ƙasa. Ƙananan motoci na yau da kullum suna da tazarar santimita 13 zuwa 15 tsakanin cikinsu da ƙasa, Hilux da Land Cruiser kuwa sun haura 20. Wannan lissafin mota babu kowa a ciki ne. Zuba mutum biyar da buhu biyu a but, tazarar ta ragu. To a kan wannan ne ƙafar «sport» za ta sake cire maka kaurin yatsa guda ko fiye. A takarda milimita 15 ba komai ba ce. A hanyar daji kuwa, inda manyan motoci da kat-kat suka haƙa sawu biyu masu zurfi suka bar tudu a tsakiya, wannan yatsan shi ne bambancin wucewa da zama a kan ciki, tayoyi na juyawa a banza, ana neman samarin ƙauye su zo turi. Idan a cikin tudun akwai kututture ko dutse, abin da ke fara haɗuwa da shi shi ne karter, tukunyar man inji. Karter ta fashe, mai ya tsiyaye, direba bai lura da jar fitila ba, cikin ƴan mintuna inji ya kama. An tashi daga maganar resor an koma maganar sayen inji.

Haka abin yake a tudun rage gudu da ake yi a mashigar garuruwa, wanda sau da yawa ba a auna shi da ma'auni ɗaya ba, da kuma gangaren ƙoramu lokacin damina, inda hancin mota ke taɓa ƙasa kafin tayoyin gaba su fara hawa.

Abu na biyu shi ne gargadar burji, waccan da direbobi ke kira tol ondile saboda ta yi kama da kwanon rufi. Duk wanda ya yi karatun Faransanci a zamaninmu ya ga fim ɗin Le Salaire de la peur na 1953, inda masu jan motar da ke ɗauke da abin fashewa suka iske irin wannan hanya, dole ko su yi tafiyar hawainiya ko su yi gudun da tayoyi za su riƙa taɓa kan tuddan kawai. Direbobinmu ba su ga fim ɗin ba amma sun san dabarar. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne wahalar da amortisar ke sha a lokacin. Yana hawa da sauka sau da yawa a cikin daƙiƙa guda, kuma duk wannan motsi zafi yake komawa a cikin mansa. A watan Afrilu ko Mayu, rana ta haura digiri 40, man ya yi zafi ya tsinke, wani lokaci ya yi kumfa, sai amortisar ya daina riƙewa. Ƙafa mai laushi da doguwar tafiya tana barin taya ta bi tuddan ta dawo. Mai tauri da gajeriyar tafiya tsalle take yi a kansu, bayan motar ya riƙa zamewa gefe. Wato ƙafar da aka saya don ta manne da hanya, a burji ita ce ke fara sakin hanya.

Sandar da ke hana kwanciya a kwana ma tana da nata sharrin a daji. Idan ta yi kauri, tana hana taya ɗaya sauka cikin kwari yayin da ɗayar ke kan tudu. Tayar da ta rataye ba ta da nauyi a kanta, sai ta yi ta juyawa, mota ta tsaya cik.

Dattawan direbobi suna da hujja idan suna yabon Peugeot 504. Motar ta fito a 1968, an daɗe ana haɗa ta a Kaduna, ta ci gasar Safari ta Kenya a 1975, kuma abin da ya sa ta zauna a hanyoyin Afirka shekara da shekaru shi ne ƙafarta mai laushi da doguwar tafiya, da tsayinta daga ƙasa. Ba wanda ya taɓa kiranta mai tauri, amma ga ta nan har yau a wasu tashoshi.

Lambobin da ke jikin taya

Nan ne nake ganin an fi yin asara, don manyan janti suna da kyau a ido, kuma matasa suna son su. A gefen kowace taya akwai rubutu irin wannan: 195/65 R15. Lamba ta farko faɗin taya ne da milimita. Ta biyu tsayin gefenta ne, kashi nawa cikin ɗari na faɗin. Ta uku girman janti ne da inci. Kashi 65 cikin ɗari na 195 ya kama milimita 127: wannan ita ce robar da iskar da ke tsakanin jantinka da bakin rami. Ɗauki tayar da ake yawan haɗawa da ƙafar «sport», 225/40 R18. Kashi 40 cikin ɗari na 225 milimita 90 ne. Tayoyin nan biyu tsayinsu gaba ɗaya kusan ɗaya ne, amma ta biyun ta rasa kusan santimita huɗu na matashi, an cike gurbin da ƙarfe.

Idan irin wannan taya ta faɗa rami mai kaifin baki, robar tana matsewa tsakanin janti da kwalta. Ko ta tsage nan take, ko ta yi ƙullutu a gefe, wanda mai faci ba shi da maganinsa, ko kuma jantin aluminiyam ya lanƙwashe ko ya tsage. Jantin ƙarfe idan ya lanƙwashe ana buga shi da guduma a ci gaba da tafiya. Na aluminiyam sai walda ta musamman, kuma ko an yi ba a cika amincewa da shi ba. Sannan ga maganar samu: taya mai inci 15 ko 16 za ka same ta a Maradi ba wahala, sabuwa ko ta hannu, wani lokaci ma a Dakoro. Mai inci 18 ko 19 siririya kuwa sai an yi waya Yamai ko an aika Kano, mota tana jingine kan dutse kwana da kwanaki.

A rairayi kuma dabarar kowane direban daji ita ce rage iskar taya don ta baje ta hau kan yashi. Taya mai dogon gefe tana ba da wannan dama. Siririya in ka rage mata iska kaɗan, janti ya sauka ƙasa, ko robar ta fice daga bakinsa.

Kada a ce na ƙi faɗin alherin ƙafar «sport». A kwalta mai kyau, idan jaki ko amalanke ya ratso ba zato, mota mai tauri tana kaucewa da sauri ba tare da ta yi tangaɗi ba. Wanda rayuwarsa Yamai ce da babbar hanya, kuma yana son jin motar a hannunsa, yana da dalilinsa. Sai dai kada dillali ya sa ka ɗauka cewa ƙafar asali ba ta da tsaro. Ita ce injiniyoyin kamfanin suka auna don yawancin mutane da yawancin hanyoyi. Abin da ya fi taimakawa wajen kaucewar gaggawa shi ne na'urar ESP, mai taka birkin taya ɗaya-ɗaya da kanta idan mota ta fara zamewa, wadda ta zama dole a sababbin motoci a Amurka tun samfurin 2012, a Tarayyar Turai kuma tun ƙarshen 2014. Idan akwai kuɗin ƙari, tambayar ko motar tana da ita ta fi amfani. Maɓallin da aka rubuta Sport kusa da giya kuwa, a yawancin motoci ba ruwansa da ƙafa: galibi giya da totur yake canzawa.

Ga mai sayen okaziyo, alamar tana jikin but ko gefen mota. M Sport a BMW, S line a Audi, AMG Line a Mercedes, duk suna nuna a bincika. A Camry da ke zuwa daga Amurka, SE ita ce mai ƙafar «sport», LE da XLE su ne masu laushi. Wani lokaci sunan ado ne kawai, kujeru da bamba aka canza, ƙafar ta asali ce, don haka a sa makanike ya leƙa ƙasa, a karanta lambar taya, a auna tazarar ciki da ƙasa da ma'auni, ba da ido ba. Motoci masu ƙafar iska, waɗanda ke ɗagawa da sauka da maɓalli, daɗinsu ba a magana, amma ranar da jakar iskar ta huje ko famfonta ya mutu motar durƙushewa take yi, kuma gyaranta ba na garejin unguwa ba ne.

Akwai zaɓi na uku da dillalai ba su cika ambata ba, alhali shi ne namu. Wasu kamfanoni, irin su Volkswagen da Skoda, suna da abin da ake kira «pack mauvaises routes», wato shirin munanan hanyoyi: a ɗaga motar kimanin milimita 15 sama da ta asali, a sa mata faranti a ƙarƙashin inji. Motocin da wakilan kamfanoni ke sayarwa a nan, kamar Toyota da CFAO ke kawowa Yamai, galibi an riga an tsara su don ƙasashe masu zafi da ƙura da hanyoyi irin namu. Wanda ya yi oda daga Turai ko Dubai ta hannun dillali shi ne ya kamata ya tambaya da bakinsa: don wace ƙasa aka ƙera wannan motar?

A bashe da kat-kat kalmar tana juyewa, kuma nan ma ana ruɗewa. Hilux GR Sport ko Ford Ranger Raptor ba a sauke su ƙasa ba, an ƙarfafa amortisar ɗinsu ne don gudu a daji, wasu ma an ƙara musu tsayi. A burji suna da daɗi ƙwarai. Amma an yi su don gudu ne, ba don dako ba: Raptor, alal misali, resor naɗaɗɗe gare ta a baya maimakon lam, kuma nauyin da aka yarda ta ɗauka bai kai na Ranger ta yau da kullum ba. Ɗan kasuwar da zai loda buhunan hatsi, ko magajin garin da zai sayi motar aiki, lambar da zai nema ita ce «charge utile», nauyin kayan da motar ke iya ɗauka. A yawancin bashe irin Hilux wajen tan ɗaya ne, kuma direba da yaran mota da duk wanda ya hau suna cikin lissafin. Buhun hatsi kilo 100 ne. Kowa ya ƙirga buhu nawa yake gani a bayan bashe ranar kasuwa.

Maganin da aka saba shi ne a je wajen maƙeri a ƙara lam ɗaya ko biyu. Yana hana bayan motar zama, gaskiya ne. Amma bai ƙara wa birki ƙarfi ba, bai ƙara wa taya ba, bai ƙara wa shasi ba, kuma idan motar ta dawo babu kaya sai ta riƙa tsalle kamar ɗan akuya. Ga motar marasa lafiya wannan ba ƙaramin abu ba ne. Macen da naƙuda ta yi wa gardama, aka ɗauko ta daga wani ƙauyen Bermo zuwa asibitin Dakoro, daga nan wataƙila a wuce da ita Maradi, a kwance take daidai kan tayoyin baya. Duk wanda zai sa hannu a takardar odar irin wannan mota, ya kamata ya shiga bayan irinta ya kwanta a gadon, a yi kilomita biyar da shi a burji kafin ya zaɓi ƙafa.

Ko wace iri aka saya, amortisar yana gajiya, kuma a hanyoyinmu da wuri. Alamominsa: mai yana tsatsafowa a jikin bututun, mota tana ci gaba da lilo bayan an danna kusurwarta an saki, hanci yana nutsewa idan an taka birki, taya tana cinyewa tabo-tabo. Ana canza su biyu-biyu, na gaba tare, na baya tare. Kuma a gaya wa mai sayar da kayan gyara ainihin irin ƙafar, don amortisar ɗin asali a kan gajeren resor na «sport» ba ya daɗewa. Wanda ya riga ya sayi mota mai ƙafar «sport» yana iya mayar da ita ta asali, amma sai an canza resor da amortisar gaba ɗaya, a koma ƙananan janti idan birkin gaba ya bar wuri, sannan a sake daidaita tayoyi.

Yayana ya zaɓi layin farko. Da muka sake bin takardar tare ta waya, sai na ga wani layi can ƙasa da bai zagaye ba, «kit anti-crevaison». Na ce masa wannan yana nufin motar za ta zo babu tayar safaya, sai kwalbar gam da ɗan famfo, kamar yadda ake sayar da motoci da yawa a Turai yanzu. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Gam? A hanyar Sakabal?" Kuɗin da ya so ya zuba a ƙafar «sport» su ya mayar ga cikakkiyar safaya mai jantin ƙarfe, da jak, da faranti a ƙarƙashin inji.